Yadda za ka duba feshin injektar injin dizal

Kafin ka taɓa komai, gane abin da ke faruwa a cikin injektar tukuna, wato abin da ke fesa mai cikin injin. Famfo ne ke matse man da ƙarfin gaske, a injinan zamani firesha na kai bar 2000 (bar ma'aunin firesha ne), sai allurar cikin nozul, wato kan injektar, ta ɗaga, man ya kutsa ta wasu ƴan ramuka masu faɗin kusan milimita 0.2 ko ƙasa da haka. Tun a cikin ramin yake fara hargitsewa yana kumfa saboda tsabar gudu, da ya fito sai ya tsinke zare-zare, iskar da fistin ya matse ta yi ta dukansa har ya koma ƙananan ɗigo kamar hazo, su ne ke zama tururi su kama wuta. In ɗigon suka yi manya to baƙin hayaƙi ne da shan mai.

Injektar da ba ta lantarki ba, ɗaura ta a na'urar gwaji mai hannu, ka danna a hankali idonka na kan agogon firesha, ka ga a bar nawa ta buɗe, ka gwada da abin da littafin injin ya ce. Sannan ka danna da sauri. Mai lafiya tana yin ƙara "kirrr", kowane rami ya fesa daidai da ɗan'uwansa, ta yanke tsaf. In ka ga tsartuwa, ko wani rami ya karkace, ko bakin nozul na ɗiga bayan an tsaya, ta ci ko ta toshe. Ta lantarki kam sai bencin gwaji na musamman.

Don Allah kar ka kai hannu kusa da feshin nan, yana huda fata ya shiga nama, in ya taɓa ka asibiti kai tsaye ko da ba ka ga jini ba.