Kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu: kurakuran da muke yi a Zariya da gyaransu

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, duk wanda ya fito sallar asuba a Zariya ya san abin da ake kira jaura. Hazo ya lulluɓe dutsen Kufena, leɓe ya tsattsage, ruwan buta kamar daga firji aka ciro shi. Turawa suna gina murhun jin ɗumi a jikin bangon falo, da bututun hayaƙi da ke fita ta saman gida. Mu namu shi ne kasko, da kurfoti, da gungumen da ake hurawa a zaure ko a gefen teburin mai shayi. Duka buɗaɗɗiyar wuta ce, kuma halinta ɗaya: zafin da take bayarwa kaɗan ne idan aka gwada da itacen da take ci, sannan ba ta yafe sakaci.

Zan fara da kuskuren da ya kusa kai ni lahira. Ina ɗalibi, muna haya ni da abokina a wani ɗaki a Samaru. Wani dare muka gama dafa wake a kurfoti, garwashi ya yi jajir, babu ko ɗigon hayaƙi. Muka ce asara ce a bar wannan ɗumi a waje. Muka shigo da shi, muka rufe taga, muka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Wajen ƙarfe biyu na farka da ciwon kai kamar ana sara ni da gatari. Na yunƙura zan tashi, ƙafafu suka ƙi. Abokina yana can gefe yana amai. Da rarrafe na isa ƙofa na buɗe. Wani dattijo maƙwabcinmu ya fito, ya haska mu da tocila, ya ce, "Samari, wannan ai iska ce." Gaskiya ya faɗa, sai dai ba irin iskar da yake nufi ba.

Sunanta kabon monoksaid. Tana fitowa ne duk lokacin da gawayi ko itace ke ci ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Idan ta shiga huhu sai ta maƙale wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin, kuma riƙonta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jini yana ta zagayawa, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun abin da suke bukata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Mai barci kuwa ba ya ganin ko ɗaya, daga barcin yake zarcewa.

A nan ne mutane da yawa suka yi wa abin gurguwar fahimta. An ɗauka hayaƙi ne ke kisa, saboda haka sai a bar gawayi a tsakar gida "ya gama hayaƙi" sannan a shigo da shi. Jan garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar har sai ya mutu murus. Binne shi da toka don ya kai asuba ƙara rage masa iska ne, wato ƙara masa dalilin fitar da ita. Kwanon ruwan da wasu ke ajiyewa kusa da kasko ba ya zuƙe ta. Iyakarsa ya ɗan rage bushewar ɗaki. Barbaɗa gishiri ko turaren wuta ma ba ya hana ta fita.

Gyaran ba shi da daɗin ji, amma ga shi: ba a kwana da wuta a ɗaki. A ji ɗumi ido biyu, taga a buɗe, in barci ya zo a fitar da kaskon waje. Kuma idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai a lokaci guda, kada a tsaya zargin abincin dare ko zazzaɓi. A fitar da kowa sarari, a bubbuɗe ko'ina, a kashe wutar, a nufi asibiti ko da an ji sauƙi, don maganin abin oksijin ne, ba fanado ba. Wanda ya suma kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. Jarirai, masu ciki, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu sikila su ne take fara kayarwa. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru. Mai hali ya saya ya rataya, musamman gidan da janareta ke kwana kusa da taga, don hayaƙinsa ma wannan gubar ce.

To, wani zai ce, in an buɗe taga ina amfanin wutar? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin yadda buɗaɗɗiyar wuta ke ɗumama mutum. Ba iskar ɗaki take ɗumamawa sosai ba. Iskar da ta yi zafi sama take yi, ta bi ta rufin kwano ta tafi abinta. Abin da ke isa jikinka shi ne zafin da ke fitowa kai tsaye daga garwashi, irin na hantsi, shi ya sa gabanka ke gasuwa bayanka na kaɗuwa. Wannan zafin bai damu da taga ba. Abin lura kawai shi ne wace taga. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka a toshe wannan ɓangaren da labule mai kauri ko asabari, a buɗe ta ɗaya gefen. Mu kuwa mun saba toshe duka.

Sai wurin ajiye wutar. Muna son dasa kasko a tsakiyar ɗaki ko tsakiyar fili, zafi ya watse ta kowace fuska, har inda babu kowa. A ƙarshen ƙarni na 18 wani masani haifaffen Amurka, Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford, ya yi suna a Landan wajen gyara murhun gidajen da ke cika da hayaƙi. Dabararsa ita ce ya rage zurfin murhun, ya karkata bangayen gefe su fuskanci ɗaki, ya tsuke maƙogwaron bututun. Sai zafi ya riƙa dawowa kan mutane maimakon ya bi hayaƙi. Ba sai ka je Landan ba. Jera tubalin ƙasa ko jan bulo a bayan wutar da gefunanta, a buɗe kamar littafi, bakin yana kallon inda ake zaune. Da itacen da bai kai na jiya ba za ka ji ɗumin da ya fi na jiya. Tubalin kuma yana shan zafi ya riƙe. In an kashe wuta sai a naɗe guda a tsohon bargo, a taɓa a ji ba ya ƙuna, a tura shi wajen ƙafa. Tsofaffin ɗakunan soro na cikin Birni da wannan hikimar suke aiki: katangar ƙasa mai kauri tana tara zafin rana ta sake shi da dare. Mun rushe su mun gina na bulo da kwano babu silin, muna mamakin sanyi. Kada dai a ɗauko dutse daga bakin kogin Kubanni ko Galma a sa a wuta, danshin da ke cikinsa na iya fasa shi ya yi tsartuwa.

Itacen kansa wani babi ne. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma kafin ya ba ka zafi sai wuta ta gama dafa wannan ruwan. Shi ne za ka ga yana tsuwa, kumfa na fita ta gindinsa, hayaƙi fari fat, ana ta fifita ana hawaye. Busasshen da ake so danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ba ka bukatar awo: ka duba bakinsa ya tsattsage, ɓawo na saɓulewa, ba nauyi, in ka haɗa biyu ka buga su yi ƙara ƙwal-ƙwal, ba bif-bif ba. Wanda ya sayi itacensa tun ƙarshen damina, ya faskara, ya jera a kan duwatsu ba a ƙasa ba, ya huta. Marke da ƙirya suna daɗewa suna ci kuma suna barin garwashi mai kyau, shi ya sa maƙera ke neman gawayin ƙirya. Kara da kirare na kunnawa ne kawai. Wajen sayen gawayi kuma a girgiza buhun; in ƙasan duk gari ne, ko da guntayen da ba su gama ƙonewa ba masu launin ƙasa-ƙasa, hayaƙi ka saya.

Muna kuma cika wa wuta ciki. A labta manyan faskare biyar a danne, a ce ta kama. Wuta numfashi take yi. Faskare uku masu kaurin hannu, da rata tsakaninsu, a ɗan ɗaga su daga ƙasa iska ta shiga ta ƙarƙashi, sun fi tulin da ke turnuƙewa. Kurfotin da toka ta toshe ramukansa a kakkaɓe shi kafin a zuba sabon gawayi. Akwai ma dabarar jera manya a ƙasa, ƙanana a kansu, kirare a can sama, a kunna daga sama wuta ta ci tana sauka. Da na fara gani na yi dariya. Hayaƙinta bai kai na yadda muka saba ba.

Abin kunnawa kuwa, Allah ya kyauta. Leda, tsinken silifa, guntun taya, soson katifa, duk na ga an hura gawayi da su, wani lokaci ma a ɗora masara a kai. Hayaƙin roba guba ne, haka katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa maganin gara, haka bokitin kwano mai ƙyalli da ake mayarwa kasko. Mafi muni shi ne tsiyaya kananzir daga galan a kan wutar da ake zaton ta mutu. Harshen wuta yana bin zirin man ya koma cikin galan ɗin da ke hannunka, balle a ce an gauraya shi da fetur. Busasshen kara, takarda, totuwar masara da mafici sun isa.

Na taɓa yi wa gwaggona ƙorafin kaskonta da ke dab da gado, gidan sauro na lilo a kansa. Ta ce, "Kai ɗan nan, tun ba a haifi ubanka ba nake kwana da wuta." Na ce, "Gwaggo, a lokacin gadon ƙasa ne da tabarmar kaba, ga taga ba gilashi, ga ƙofar asabari. Yanzu katifar soso ce, labulen roba, ƙofar ƙarfe." Ta yi shiru, ta ce a matsar. Ɗakunanmu sun canza, al'adar ba ta canza ba. A bar aƙalla mita 1, babban taku guda, tsakanin wuta da duk abin da zai iya kamawa: katifa, labule, kayan shanya, ledar tsakar ɗaki. A ɗora kasko a kan faranti mai yashi ko kan bulo, inda ba hanyar wucewa ba. Bokitin yashi ya zauna kusa. Dogon hijabi da yadin roba suna kamawa nan take, kuma narkewa suke su manne a fata. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga, gudu hura ta yake; ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Yaro mai rarrafe, da mai farfaɗiya, da mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta daina jin zafi, ba a barinsu da wuta su kaɗai ko na minti ɗaya.

Ɗakin mai jego ya cancanci a ce wani abu a kansa, don a nan ake haɗa komai: ƙofa a rufe, wuta ba dare ba rana, ga jariri. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Zazzau, suka kuma danganta shi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da wankan tafasasshen ruwa, da kunun kanwa mai yawa. Jariri ya fi samun ɗumi a ƙirjin uwarsa, da hula da safa da zani a lulluɓe, fiye da daga garwashi.

In tsautsayi ya faɗa aka ƙone, ruwa mai sanyi ne magani na farko, a yi ta kwarara shi a wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki, gishiri, ƙullu ko baƙin mai ba. Duk waɗannan datti suke ƙarawa, su wahalar da mai wanke ciwon. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare tufar da ta manne. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko kowace iri a jikin jariri, ta asibiti ce, asibitin koyarwa na Shika ko mafi kusa. Da yake lokacin sanyi ne, wurin ƙunar kaɗai ake jiƙawa, sauran jikin yaron a lulluɓe shi.

Saura toka. Da safe ake kwashe ta a zuba a kwali ko a watsa a juji, alhali garwashi na iya kwana ya wuni da ransa a cikinta. Iskar hunturu ta taso, ga busasshiyar ciyawa, ga dangar kara, ga rumbu. A zuba ta a tsohuwar tukunyar ƙarfe mai murfi, a yayyafa ruwa, a ajiye nesa da bango, sai ta kwana biyu sannan a kai ta gona ko a ba masu wanke tukwane.