Matakan fitar da ƙura daga kwamfutar teburi

A Tahoua, ƙurar hunturu ce ke toshe kwamfuta, sai zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, ya ƙarasa aikin. Alamar ita ce fanka ta riƙa gurnani, na'urar ta mutu da kanta ana tsakiyar aiki.

Da farko a kashe ta, a zare wayar wuta daga soket. A danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 don ragowar wutar da ke ciki ta fita. A fitar da ita inuwa a tsakar gida, a kwance sukuru biyu na baya, a janye murfin gefe. Kafin a taɓa komai a ciki, a taɓa ƙarfen akwatin, domin a busasshiyar iskar hunturu jiki kan tara tartsatsin da ke ƙona sassa.

Yanzu busawa. A danne kowace fanka da yatsa tukuna. In iska ta juya ta da ƙarfi, tana iya lalacewa. A hura da abin busa iska, kaɗan-kaɗan, musamman tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda ƙura ke dunƙulewa kamar auduga. Buroshin fenti mai laushi ya isa ga sauran. Ban da jiƙaƙƙen tsumma. Akwatin wuta kuwa, wato ƙaramin akwatin da wayar wuta ke shiga, ba a buɗe shi, yana riƙe wuta ko an zare waya. A hura ta ramukansa kawai.

In an mayar da murfi ta ƙi nuna hoto, galibi RAM ce ta goce, wato siririn allon nan da ke riƙe bayanai na wucin gadi, wanda maƙallai biyu ke riƙe da shi: a zare wayar wuta, a cire RAM ɗin, a mayar da ita gurbinta, a danna har maƙallan biyu su ce ƙas.