Masu sayen gangar bourbon, ku daina ruɗuwa da shekaru

Na gaji da ganin sabbin shiga harkar bourbon, wato wiskin Amurka da ake yi da masara, suna maimaita shirmen da ya taɓa cinye min jari, shi ya sa na ce bari dai in yi magana.

Na farko, ɗauka cewa in ganga ta tsufa to shi ke nan ta yi kyau. Ni ma nan na faɗa. Lokacin ina aikin tura ganguna a wani siton wiski a jihar Kentaki ta Amurka, ni da abokina muka haɗa ɗan abin da muka tara muka sayi guda ɗaya don kawai dillali ya ce shekararta 15, ko ɗanɗanawa ba mu yi ba, saurin me muke yi oho. Ranar da aka cire toshiyar, gangar galan 53 ce amma abin da ya rage ko rabi bai kai ba, sauran ya bi iska, ga ɗaci ga bauri kamar kana tauna fensir. Ashe duk shekarun nan a hawa na can sama ta yi su, ƙarƙashin rufi, inda zafi ke tura wiskin cikin katako, sanyi ya sake dawo da shi, har ya tsotse itacen kaf. Da a hawan ƙasa ta zauna da wani labarin ake. Ni yanzu kafin in tambayi shekaru sai na ji wane hawa, kuma ganga mai shekara 6 zuwa 10 daga tsakiyar sito nake bi. Ra'ayina ne, wasu za su musa.

Sai ku masu ƴar ƙaramar ganga mai galan 5, wai don a gajarce lokaci. Haba! Wata shida ta yi ja jawur, kuna ta murna, alhali kala ce kawai, zafin ɗanyen wiski na nan daram.

Na biyu da ke ba ni haushi, rashin juya kwalba. An zana hoton wani kaka a gaba an ce sirrin gida ne, ka duba baya ka ga an rubuta a jihar Indiyana aka dafa, galibi daga masana'antar MGP ta Lawrenceburg. Sayowa daga wani ba laifi ba ne, kayansu ma na da kyau, amma ka san me ka biya wa kuɗi. In ka ga Bottled-in-Bond, dokar 1897 ce: masana'anta ɗaya, zangon dafawa ɗaya, aƙalla shekara 4 a ganga, ƙarfin barasa kashi 50.

Kafin a kira wiski bourbon, masara sai ta kai kashi 51 na hatsin da aka dafa, ganga kuma sabuwa wadda aka babbake cikinta, tsohuwa ba ta yin bourbon. Ruwa mai ƙarfe yana baƙanta wiski, kar ka sirka da shi. Kuma dan Allah a daina ɓoye kwalba a kabad wai ta ƙara tsufa, tun ranar da aka juye ta daga ganga lissafin shekarunta ya tsaya.