Yadda dattijo zai gina tsoka ya rage tumbi bayan shekara 60

Tun daga wajen shekara 30 tsokar mutum take fara raguwa a hankali, in aka haura 60 kuma sai abin ya ƙara sauri. Za ka gane ta nan: tashi daga tabarma sai an dafa ƙasa, sauka daga Keke Napep sai an riƙe ƙarfe. Kuskuren da aka fi yi shi ne dattijo ya ga tumbi ya fito, ya ce zai horar da kansa da yunwa. Sikeli zai sauka, amma tare da tsoka, alhali ita ce take shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci.

Don haka da ɗaga nauyi ake farawa, kwana biyu ko uku a mako, ana tsallake kwana ɗaya a tsakani. Kayan aikin suna cikin gida: kujera mai ƙwari, bango, da jarka mai hannu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lissafin nauyi ba wuya ke nan.

Tashi-zauna daga kujera shi ne uban tafiya. Jingina kujerar da bango, buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sannan ka koma a hankali kana ƙirga uku. Kada ka faɗa kan kujerar rim, a saukowar nan cinya take samun aiki. Gwiwoyi su bi saitin yatsun ƙafa, in suna karkatowa ciki to kujerar ta yi ƙasa, a ɗora mata filo. Sai tura bango da hannu biyu don ƙirji da damtse. Sai a dafa tebur da hannu ɗaya, baya a miƙe, a jawo jarka mai lita 3 zuwa haƙarƙari. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a maimaita. Ranar da 12 ta zo da sauƙi, ƙara rabin lita. Wanda ya shekara yana ɗaga nauyi iri ɗaya, tsokarsa ta daɗe da daina ƙaruwa. Mata ma haka za su yi, ƙashinsu ma ya fi bukata bayan al'ada ta ɗauke.

Tsoka ba ta ginuwa da koko da tuwo zalla. Dattijo mai lafiya yana bukatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin (sinadarin gina jiki) ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 70 ya nemi giram 70 zuwa 84, ya raba gida uku. Ƙwai ɗaya na da giram 6, kifi girman tafin hannu wajen 20, kofin dafaffen wake wajen 13, kofin kindirmo wajen 8. Karin kumallo ne ake yi wa rowa, shayi da burodi kawai. Awara da ƙosai suna da kyau, sai dai man suyar, babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Kitse kuwa, rage malmalar tuwo, ƙara miyar ganye, bar lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, misali tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 kwana biyar. Zagayen fili irin Dandalin Murtala na Kaduna bayan asuba ya wadatar, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ka auna ci gaba da tef ɗin tela tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu: kada zagayen cikin ya kai rabin tsayinka, mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Saukar rabin kilo a mako ta isa.

Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi lokacin yunƙuri, yana sa jini ya hau nan take, ya fitar da iska yayin miƙewa. Mai allurar insulin ya ajiye dabino kusa, don sukari yana iya faɗuwa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, jiri, ko nauyin ƙirji, a tsaya nan take a je asibiti.