Yadda zaka haɗa tambaya da Turanci ba tare da ka kwafsa ba

Jerin jimlar Turanci kusan irin namu ne, mai aiki a gaba, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa: Musa eats rice. To wajen tambaya ne ake samun matsala, don mu a Hausa murya kawai zaka ɗaga ko ka saka "shin", su kuma sai ka jawo do, does ko did ka ajiye a farko.

In da I, you, we, they ne ka sa do. In he, she, it ne ko sunan mutum ɗaya sai does, kuma nan ne mutane ke faɗuwa wallahi, don da zarar does ya shigo to s ɗin nan na jikin eats ya tafi kenan, zaka ce Does Musa eat rice? Haka did ma, shi ya riga ya ɗauke lokacin da ya wuce, don haka Did you go? ake cewa, kar ka kuskura ka ce did you went.

Amma in akwai is, are ko can a jimlar, manta da do, juya su kawai: She is ready ya koma Is she ready?