Yadda za mu duba bishiyoyin masallaci, makaranta da kasuwa kafin iskar farkon damina

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ya san ba ruwan Agusta ne ya fi kayar da bishiya ba, iskar nan ce ta farkon damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni, wadda za ka ga gabas ta yi jajawur ƙura ta turnuƙe kafin ɗigon ruwa ko ɗaya ya sauka. Bishiyar gidanka kai ne da ita, kana ganinta kullum. Matsalar tana wajen bishiyoyin da suke na kowa, na ƙofar masallacin Juma'a, na firamare da Islamiyya, na kasuwa da tasha, na maƙabarta da filin idi, na asibitin sha-ka-tafi, kowa yana shan inuwarsu amma babu wanda aka ɗora wa alhakin ɗaga kai ya duba, sai reshe ya rufto kan rumfa ko kan aji sannan a fara neman mai laifi.

To abin da ya kamata shi ne tun cikin Maris ko Afrilu a samu mutum uku ko huɗu su zagaya, da sanin mai unguwa ko dagaci, kuma a tafi da mai wurin, wato hedimasta in makaranta ce, liman ko ladan in masallaci ne, sarkin kasuwa in kasuwa ce. A sa dattijo ɗaya da ya san tarihin bishiyoyin, don shi zai ce maka wannan tsamiyar a karkace na taso na ganta, waccan darbejiyar kuwa bara a miƙe take. Wannan bayanin ya fi duk wani awo da za ku yi. A riƙe littafi da biro, da ɗan fenti na yin alama, wanda ke da waya ya ɗauki hoto saboda baɗi a kwatanta.

Kafin ma ka taɓa bishiya, ja da baya ka tambayi kanka, in wannan ta faɗi ko reshenta ya ɓalle, kan me zai sauka? Busasshen reshe a can ƙarshen filin idi inda ba kowa sai akuya ba ɗaya yake da busasshen reshe a saman inda 'yan aji ɗaya ke zama cin abinci lokacin hutun tara ba. Kuma tunda yawancin hadarinmu daga gabas yake tasowa, bishiyar da ke gabas da gini ko rumfa ko tankin sola ita za a fi sa wa ido, duk da dai iska in ta haukace ba ta da alƙibla.

Daga nan sai ka fara daga ƙasa, don yawancin mutane sama kawai suke kallo alhali wani ciwon yana gindi. Duba ko ƙasar gindin ta tsage ko ta ɗago ta gefe ɗaya, musamman gefen da ke bayan inda bishiyar ta karkata, in ka ga haka saiwa ta fara saki, wannan ba ta jiran sati mai zuwa. Duba ko an yi haƙa kusa da ita, ginin kwalbati ne, tushen katanga ne, ko masu ɗibar ƙasar bulo ne suka ci har suka datse manyan saiwoyi. Bishiyar bakin kududdufi da ruwa ya zaizaye ƙarƙashinta ita ma haka. Sannan ga wata ɗabi'a tamu da ke ba ni takaici wallahi, tara shara a gindin bishiya a cinna mata wuta, a makarantu da kasuwa an fi yinta, wutar tana cin ɓawon a hankali, cikin ya ruɓe, gara ta samu ƙofa, shekara kaɗan sai ka ga ƙatuwar bishiya da ganyenta kore shar amma gindin fanko ne. In ka ga naman kaza ya tsiro a gindi ko a jikin kututturen, ko gara ta yi hanyar ƙasa ta hau sama, to akwai ruɓa a ciki. Ɗauki ƙotar gatari ka bubbuga zagaye, lafiyayyen itace ƙararsa a cike take, mai kogo kuwa za ka ji yana amsawa kamar ganga. Amma kafin bugun a tabbatar babu zuma a kogon, kuma kar wanda ya zura hannu saboda maciji.

Sai jikin bishiyar da rassanta. Tsaga mai tsawo, wurin da manyan rassa biyu suka rabu a matse har ɓawo ya shige tsakaninsu, reshen da ya karye tun bara ya maƙale a sama, reshen da ya miƙe nesa ya yi nauyi a ƙarshe, da wanda kauci ya cika shi, duk a yi musu alama. Madaci kuma a duba sassaƙen da masu magani suka yi masa, in sun zagaye jikin gaba ɗaya to mutuwa yake yi a tsaye ko da bai nuna ba tukuna.

A nan fa sai an san halin kowace bishiya, in ba haka ba za a yi ɓarna. Kuka a rani tsirara take ba ganye, wannan ba mutuwa ba ce, kuma kogo a jikin kuka ba abin tashin hankali ba ne, tana daɗewa da shi ƙwarai. Gawo shi akasin haka yake, da rani yake ganye, damina na shigowa ya zubar, shi ya sa ma manoma ke son sa a gona, to kar wani ya gan shi a bushe farkon damina ya ce a sare. In kana shakka, kankare ɓawon ƙaramin reshe da wuƙa, in ka ga kore da danshi a ƙasa yana da rai. Waɗanda ni na fi jin tsoro su ne turare da darbejiya, don su muka fi dasawa a makarantu da bakin hanya. Turare yana tsawo fiye da kima kuma yana sakin reshe ba sallama. Darbejiya kuwa mun saba yi mata aski kwal, a datse kan gaba ɗaya, sai ta fito da tohon nan masu yawa dogaye, suna da kyan gani amma a fatar kututturen kawai suke riƙe, bayan 'yan shekaru sun yi nauyi su ne farkon ɓallewa, wurin datsar kuma ruwa ya zauna ya ruɓe. Duk darbejiyar da aka taɓa yi wa irin wannan askin a leƙa saman da kyau, a rage tohon a bar masu ƙarfi.

In an gama zagaye sai a raba aikin, abin gaggawa daban, abin da za a rage wa reshe daban, abin da za a bari ana sa ido daban. Ni dai a ganina yawanci reshe ne matsalar, cire bishiya ɗungurungum sai in babu makawa. Tsamiya ko ɗorawa ko cediyar da ta kai a yi zaman majalisa a ƙarƙashinta ba a samunta a shekara 10, kuma mu nan da hamada ke matsowa, musamman wajen Maigatari da Babura da Ɗambatta, bishiyoyin nan su ne ma suke karya ƙarfin iskar kafin ta kai ga kwanon rufi. In har sai an cire, a sanar da dagaci kuma a je wajen malamin daji na ƙaramar hukuma a karɓi izini, kar a yi aikin alheri ya koma tara.

Wajen yanka reshe mai nauyi, kuskuren da aka fi yi shi ne a hau da gatari a sara ta sama kawai, reshen ya faɗo ya yage ɓawon har ƙasa ya bar ƙaton rauni. Yadda ake yi, a fara shiga ta ƙasan reshen, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiyar, a ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, sannan a koma sama a ɗan ƙara gaba kaɗan a yanke har ya faɗi, sai a dawo a cire guntun da ya rage daidai bayan ɗan kumburin nan da ke mahaɗar reshe da jiki. Kar a shafe kumburin, shi ne ke rufe raunin, kar kuma a bar dogon guntu. Zarto ya fi adda da barandami tsaftar yanka. Ba sai an shafa baƙin mai ko fenti a wurin ba, ba ya taimakawa. Kuma kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassan masu ganye a shekara guda, kar kuma a kwashe gefe ɗaya a bar ɗayan da nauyi.

Maganar tsaro kuma don Allah kar a yi wasa da ita. Aikin gayya yana da daɗi amma hawa sama na wanda ya saba ne, a ɗaure shi da igiya a ƙugu, reshen ma a ɗaure a sauke shi a hankali in akwai rufi a ƙasa, a yi da safe kafin iska ta motsa, a ranar da ba makaranta ko ba cin kasuwa, a sa mutum ɗaya aikinsa kawai korar yara. Reshen da ya taɓa wayar wuta ko yake dab da ita kuwa babu wanda zai hau, ko da an yi wata ba a kawo wutar ba, tana iya dawowa kowane lokaci kuma ɗanyen itace yana ɗaukar ta, a kai rahoto ofishin kamfanin wuta na KEDCO mafi kusa su kashe layin ko su turo mutanensu.

Tun kafin a sa gatari a yanke shawarar inda itacen zai tafi, ko a sayar kuɗin ya shiga asusun masallaci ko na iyaye da malamai, ko a biya mai aikin da shi, a faɗa a bainar jama'a, don rigimar itace ta sha hana a sake irin wannan aikin. A maƙabarta a yi taka-tsantsan da inda reshe zai sauka, kuma bishiyar da ta karkata a can a rage mata nauyi da wuri, don in ta tuge da saiwarta kaburbura take buɗewa.

Malamai da limamai su riƙa tunatar da mutane cewa in hadari ya haɗo ba a fakewa a gindin bishiya, ga reshe ga tsawa, balle doguwa irin giginya da ke tsaye ita kaɗai a fili, dabbobin da ake ɗaurewa a nan ma a kwance su. Washegarin iskar farko a sake zagayawa da littafin nan, a duba gindin duk wadda aka ce a sa wa ido ko ƙasa ta motsa, a sauke abin da ya maƙale. Inda aka cire bishiya kuma a nemi dashe daga gandun renon itatuwa a saka cikin Yuli ko Agusta lokacin da ƙasa ta sha ruwa, a ba shi tazarar aƙalla taku 10 daga gini da wayar wuta, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, kuma a ambaci sunan wanda zai riƙa ba shi ruwa in rani ya shigo.