Yadda ake duba suna a rajistar masu fyaɗe ta NAPTIP

Iyaye na ta tambayata yadda za su bincika kafin su ɗauki direba, mai gadi ko malamin yara. NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ta buɗe rajistar a 2019, bisa dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015.

1. Ku karɓi cikakken sunansa daga katin shaida.
2. Ku shiga nsod.naptip.gov.ng.
3. Ku buɗe jerin waɗanda kotu ta yanke wa hukunci.
4. Ku nemi sunan ta rubutu daban-daban: Muhammad, Mohammed.
5. Ku gwada hoton da fuskarsa. Hattara, suna kan zo ɗaya! Kada ku yaɗa a WhatsApp ku ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba.
6. In babu sunan, ku tambayi inda ya taɓa aiki, domin laifuka da dama ba sa kaiwa kotu.